Wakilinku bai tambayi ina uwayen ƴan kwikwiyon suke ba

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Na daɗe ina sauraronku amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abin da ya tunzura ni shi ne rahoton da kuka sa makon jiya kan tsadar ƴan kwikwiyo a Amurka, inda wakilinku ya shiga wani kanti yana ta dariya wai kare ɗaya ya fi wata tsohuwar motar kuɗi. Nima na dara, ba zan ɓoye ba. Amma har rahoton ya ƙare ban ji ya yi tambayar da ta fi kamata ba, wato ina uwayen waɗannan ƴan kwikwiyon suke?

Ni a jihar Ohio nake zaune, kuma ɗaya daga cikin irin uwayen nan tana kwance kusa da ƙofa yanzu haka da nake wannan rubutun, shi ya sa na kasa yin shiru.

Da yawa daga cikin ƴan kwikwiyon da ake gani a gilashin kanti ko a intanet ba a gidan kowa aka haife su ba. Daga gonakin kiwo suke fitowa, ni dai masana'anta nake ce musu don ba su da maraba da ita, inda za ka tarar da karnuka ɗari ko fiye a cikin keji an ɗora wani kan wani kamar kajin gona, aikin karya ɗaya ne kawai, duk lokacin da ta nemi barbara a haɗa ta, bayan wata biyu ta haihu, a kwashe ƴaƴan da sun kai sati 8 ko ma ba su kai ba, a jira zagaye na gaba. Ba hutu. Haka za ta yi ta yi shekara biyar, shida, bakwai har jikin ya ƙi, daga nan ta zama kayan asara, mai sa'a ce ake miƙa wa masu ceto.

Abin da ya fi ɗaure min kai da na fara bin maganar shi ne yawancin wannan abu doka ba ta hana ba. Akwai dokar kula da dabbobi ta 1966, kuma ma'aikatar noma ta Amurka ce ke ba manyan masu kiwon lasisi tana tura sifetoci. To amma ku ji ƙa'idar keji: a auna tsawon kare daga hanci zuwa gindin wutsiya a ƙara inci 6, faɗi da tsawon kejin kenan, sama ma inci 6 daga kansa. Karen da tsawonsa inci 20 ne kejin inci 26 ya wadatar a idon hukuma. Ku ɗauko abin awo ku zana inci 26 a ƙasa ku gani don Allah. Kuma mutum zai riƙe takardar lasisi yana nuna maka da alfahari wai gwamnati ta san da shi. E ta san da shi, sai me?

Kar a ce mutane ba su yi yunƙuri ba. A 2010 mutanen Missouri, jihar da ta fi kowace suna a wannan harka, sun kaɗa ƙuri'a suka amince kada mai kiwo ya wuce karnuka 50 na haihuwa, shekara na zagayowa ƴan majalisar jihar suka zauna suka cire wannan iyakar. Inda kuɗi yake dai kun san sauran. Kalifoniya ce ta fara hana kantuna sayar da irin waɗannan ƴan kwikwiyon a Janairun 2019, New York ta bi sahu a Disambar 2024. A Ingila tun Afrilun 2020 ba a yarda dillali ya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai ka je wajen mai kiwon da kansa ko gidan ceto, wato inda ake ajiye dabbobin da ba su da mai kula da su, kuma sunan wata karya Lucy aka sa wa dokar, wadda aka ceto daga wata gona a Wales a 2013 ƙashin bayanta duk ya tanƙware saboda zaman keji. Faransa ma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kanti daga 2024. Sai dai ana toshe nan suna ɓullowa can, kasuwar ta koma waya, hoto mai kyau a Facebook ko Instagram, kwikwiyo cikin kwando da ɗan bargo, shikenan an gama da kai.

Haka aka yi wa wani abokin aikina lokacin korona da kowa ke zaune a gida yana neman abin ɗebe kewa. Ya ga hoto ya tura kuɗin kafin alƙalami, da ya ce zai zo ya ga uwar sai aka ce ai gidan da nisa kar ya wahala, za a kawo masa rabin hanya. A wajen ajiye motoci na wani gidan mai suka haɗu, aka miƙo masa ta tagar mota. Kwana huɗu kwikwiyon ya fara amai da gudawa har da jini, likitan dabbobi ya ce cutar fabo ce, abin da ya kashe a asibiti ya fi kuɗin sayen, kuma duk da haka bai yi rai ba. Lambar wayar kuwa tuni an kashe ta. Yaransa sun yi kuka kamar me.

To da ƴata ta matsa min lamba sai mun ajiye kare, nace indai za a yi to gidan ceto za mu je. Na san wani zai ce kai kuma me ya haɗa ka da kare, duk ga matsalolin mutane jibge. Ban musa ba. Amma tun muna yara aka karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, ban ga inda aka ce hukuncin ya tsaya kan kyanwa kaɗai ba. Ko ba ka son kare ya raɓe ka, ai ba ka so a zalunce shi.

Mun je da niyyar ɗauko ƙarami mai wasa, muka dawo da tsohuwa. Tana can ƙuryar ɗaki ta juya wa kowa baya ta manna fuska a bango. Ma'aikaciyar wajen ta ce daga gonar kiwo aka karɓo su su da yawa, shekarunta za su kai bakwai, ba ta da suna sai lamba a wani ƙarfe da ke wuyanta. Sai da suka yi mata aski kwal don gashin ya cukurkuɗe da kashi ya zama kamar tabarma, suka cire mata haƙora goma sha ɗaya da suka ruɓe. Yatsun ƙafarta a barbaje suke saboda tsayuwa kan ragar waya, nonuwan sun zazzago har suna kusa taɓa ƙasa. Dala 250 muka biya, a ciki har da allurar rigakafi da aikin hana haihuwa da ɗan ƙwayar shaida da ake sawa ƙarƙashin fata. Ƴata ta sa mata suna Lami tunda ranar Alhamis muka ɗauko ta.

Ranar farko da na ajiye ta kan ciyawa sai ta sandare, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye ta ɗaga ɗayar, kamar wadda aka ɗora kan garwashi. Ba ta san ciyawa ba Edita, kare mai shekara bakwai. Ba ta san matakala ba, ba ta san abin da ake yi da ƙwallo ba, in ka kai hannu za ka shafa ta sai ta lafe ta runtse ido tana jira. Abin da ya fi karya min zuciya shi ne in ta firgita sai ta fara zagaye a wuri ɗaya, ƙaramin da'ira, ga fili nan iya ganinka amma ita iya faɗin kejin nan take juyawa.

Ba zan yaudari masu sauraro ba, ɗaukar irin wannan kare akwai aiki. Wata uku muna goge fitsari, don wanda ya rayu yana kwana inda yake kashi bai san akwai bambanci ba. Akwai daren da na ce wa matata gobe zan mayar da ita, da gaske nake. Wanda ba shi da lokaci ko haƙuri kar ya fara da irinta, kuma ba dole ba ne ma, tunda gidajen ceton nan cike suke da karnuka lafiyayyu masu horo waɗanda ba laifin da suka yi, mai su ne ya mutu ko aka kore shi daga gidan haya ko kuɗin magani ya fi ƙarfinsa. Kusan miliyan 3 ke shiga gidajen nan duk shekara a Amurka, dubban ɗaruruwa ana yi musu allurar mutuwa, wasu don ciwo wasu don ba wurin ajiye su kawai, a daidai lokacin da ake ta buga sababbi a keji ana sayarwa dala dubu biyu, dubu uku.

Sannan akwai tarkon da masu tausayi ke faɗawa. Mutum zai ga kwikwiyo a kanti duk ya rame yana rawar jiki sai ya ce bari in saye shi in cece shi. Wallahi niyyar mai kyau ce, amma kuɗin nan da ka bayar shi ne odar na gaba, kejin da ka bari ba zai kwana biyu ba a cike shi, uwar kuma an sake haɗa ta. Gara ka ɗauki hoto ka kai ƙara wajen hukumar kula da dabbobi ta yankin. In kuma dole sai wani jinsi na musamman kake so, akwai masu kiwon kirki, alamarsu ita ce za su ce ka zo gida, ka ga uwar tare da ƴaƴanta, su nuna maka takardun likita, su ma yi maka tambayoyi har ka ji haushi. Wanda ke da jinsi biyar shida a shirye kowane lokaci kuma kullum uwar "ta je asibiti" ko "tana gidan ƙanwata", to ka kama gabanka.

Roƙona shi ne ku sake tura wakilin nan, ya koma kantin ya ce a ba shi sunan gonar da aka kawo su, ya gwada zuwa ya ga ko za a buɗe masa ƙofa, daga nan ya biya wani gidan ceto ya naɗo mana muryar ma'aikatan. In ya biyo ta Ohio ya neme ni ya ga Lami. Shekararta biyu a wajenmu yanzu, ta iya hawa matakala amma saukowa har yau sai an ɗauke ta.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum,
daga Ohio, Amurka