Yaranmu na da gudu, numfashi ne babu

Malam Edita, assalamu alaikum, barkanku da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu horas da yara ƙwallo nan Maradi.

Duk mai zuwa kallon wasannin unguwanni lokacin babban hutu ya san abin da nike nufi, minti ashirin na farko yaro kamar barewa, ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai ka gan shi ya dafe ƙugu baki buɗe, a ƙwace ƙwallo a wuce shi ko bin baya ba ya iyawa, ƴan kallo su hau zagi wai raggo ne ko taba yake sha. Ba ragganci ba ne fa. Zuciya da huhu ne ba su saba kai iska ga tsoka da sauri ba, kuma wannan iskar ce ke maida wa mutum ƙarfi tsakanin gudu da gudu. Ƙwararren ɗan wasa na cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, ƴan tsakiya su suka fi shan wahala.

A 2001 an gwada wasu matasan ƴan ƙwallo a Norway, gudu mai ƙarfi na minti 4, sassarfa minti 3, a maimaita sau 4, sau biyu a sati har sati 8. Nisan da suke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, yawan gudun da suke shararawa ya ninka. To mu nan me muke yi? Koci ya ce a zagaya fili, yara na tafe suna hira suna ja da ƙafa cikin rairayi, shi kenan wai an yi motsa jiki. Haba malamai!

Aunawar ma ba ta cin ko dala, tun 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da ita, yaro ya yi gudu minti 12 a rubuta nisan da ya ci, bayan wata biyu a sake. Agogon salula ya isa. Amma a sani wannan horon numfashin ba ya sa mai nauyin ƙafa ya zama mai sauri, horon sauri daban ne. Kuma don girman Allah a yi shi bayan asuba ko da sanyin la'asar, da ruwan sha a gefen fili, kar wani ya ce ni na tura shi ya gasa ƴaƴan mutane cikin zafin Afrilu.

Naku mai karatu kullum, daga Maradi.