A Dinga Faɗa Mana A Jikin Wa Aka Gwada Maganin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani labari da kuka buga kwanakin baya a shafin lafiya, wanda kanunsa ya ce masana sun gano sabon maganin ciwon zuciya.

Mahaifina yana fama da gazawar zuciya, shekara shida ke nan. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan lalura ya san halinta: ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, taku kaɗan sai haki, da dare kuma ba barci sai an jera matashin kai uku. Shi ya riga ni ganin labarin. Ya kira ni ya ce, "Zo ka nemo mini wannan, na gaji da haɗiyar ƙwayoyin nan." Sai daga baya na gane ya kwana biyu bai sha maganinsa ba, yana jiran sabo. Da na zauna na karanta labarin a tsanake, na tarar a jikin ɓeraye aka yi gwajin, ba a kai ga ɗan Adam ko guda ba. Kun faɗi hakan, ban musa ba, amma a layin ƙarshe, inda idon dattijo mai ciwo ba ya kaiwa. Ban ga laifin Baba ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ni ba likita ba ne. Jinya ce ta sa ni karatu, kuma abin da na fahimta shi nake so in isar ga masu karatu ta hannunka.

Tsakanin ɓera da gadon asibiti akwai tafiya mai nisa. Idan magani ya tsallake ɗakin bincike, akan fara ba wa mutane 'yan kaɗan, gomomi, don a ga ko yana cutarwa da kuma adadin da jiki zai ɗauka. Daga nan a ba ɗaruruwan marasa lafiya. Sai a mataki na uku ake tara dubbai, a bi su shekaru. Cikin magunguna goma da suka fara wannan tafiya a jikin mutane, kusan tara kan faɗi a hanya. A mataki na ukun nan ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu su sha sabon magani, wasu su sha tsohon ko wata ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Galibi mara lafiya bai san wanne aka ba shi ba, likitansa ma bai sani ba. Da farko abin ya yi mini kama da wasa da rai. Labarin wani gwaji mai suna CAST ne ya canza mini tunani.

Likitoci sun daɗe da lura cewa wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, idan bugun zuciyarsa yana tsalle-tsalle ba bisa tsari ba, ya fi kusa da mutuwar fuju'a. Aka samu magunguna irin su encainide da flecainide masu daidaita bugun, kuma suna daidaita shi ɗin, ana gani ƙarara a takardar awon zuciya. Hankali ya ba kowa cewa an samu mafita, aka yi ta rubuta wa mutane. A 1987 aka fara gwada su a Amurka ta hanyar ƙuri'a, a kan mutane kusan 1,500. A 1989 kwamitin da ke sa ido ya tsayar da ba da magungunan biyu. Cikin masu shan maganin mutum 63 suka rasu, cikin masu shan ƙwayar da ba komai a cikinta 26. Maganin da ya gyara takarda yana kashe mai takardar. Likitocin da suka rubuta shi ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Kowannensu yana ganin majinyatansa ɗaya bayan ɗaya, idan wani ya rasu a ce ai dama zuciyarsa ta yi rauni. Sai da aka jera gida biyu kafaɗa da kafaɗa aka ƙirga gawa, sannan gaskiya ta fito. Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai, to a harkar zuciya gwajin shi ne ƙirga rayuka.

An maimaita irin wannan a ƙarshen 2006 da wani magani mai suna torcetrapib. Yana matuƙar ɗaga kitsen jinin da ake kira mai kyau, amma a gwajin mutum sama da 15,000 masu shansa suka fi mutuwa, aka watsar da shi.

Kada a ɗauka ina kushe bincike. Shi ne ya tsawaita kwanan mahaifina da izinin Allah, kuma ta hanyar ƙuri'ar nan aka tabbatar da amfanin yawancin abin da yake sha. A 1988 gwajin ISIS-2, wanda ya haɗa mutum 17,187 a ƙasashe 16, ya nuna cewa asfirin, tsohuwar ƙwayar da kowa ya raina, tana rage mace-mace da kusan kashi 23 cikin 100 idan aka ba wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe yanzu-yanzu. A 1994 gwajin 4S a ƙasashen arewacin Turai, mai mutum 4,444, ya tabbatar da cewa simvastatin, maganin rage kitsen jini, yana rage mutuwa da kusan kashi 30. Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne labarin magungunan ciwon suga da suka koma na zuciya. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce duk sabon maganin suga sai an nuna ba ya illa ga zuciya. Ana cikin neman illa sai aka tsinci alheri: a 2015 gwajin empagliflozin ya nuna masu shansa ba su cika kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ba, mutuwa ma ta ragu a cikinsu. Masu bincike ba su tsaya murna ba, suka sake shirya wani gwajin. A 2019 aka ba mutum 4,744 masu gazawar zuciya wani maganin sugan mai suna dapagliflozin ko ƙwayar kwatanci, masu suga da marasa suga, aka ga haɗarin taɓarɓarewar ciwon ko mutuwa ta dalilin zuciya ya ragu da kashi 26.

Ko wannan "kashi kaza cikin 100" ɗin ma yana buƙatar fassara, kuma a nan ne 'yan jarida suka fi barin mu a duhu. A 2023 an yi ta yayata cewa allurar semaglutide, wadda aka sani da rage ƙiba, tana rage haɗarin ciwon zuciya da kashi 20. Gaskiya ne. Amma ga yadda lissafin yake: cikin mutum 17,604 masu ƙiba da suka riga suka kamu da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, a tsawon shekara uku da 'yan watanni, kashi 8 na waɗanda ba su samu maganin ba sun gamu da toshewar jijiya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, a masu allurar kuma kashi 6.5. Ci gaba ne na gaske, a cikin dubbai rayuka ne masu yawa. Sai dai mai karatu da ya ji "kashi 20" kawai zai zaci an kusa kawar da ciwon, kuma bai san cewa mai lafiyayyar zuciya ba ya cikin waɗanda aka gwada ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato su wane ne ake gwajin a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suka faru. Amma manyan gwaje-gwajen galibi a ƙasashe masu arziki ake yin su, maza kuma sun rinjayi mata a cikinsu, alhali mata ma ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe su. Wani zai ce ai zuciya zuciya ce. To ga abin da ya faru.

Akwai ciwon da ke farawa daga ciwon makogwaro a yarinta, idan ba a magance shi ba ya je ya lalata ƙofofin da ke cikin zuciya. Ya kusa ɓacewa a Turai da Amurka, amma har yanzu yana kashe sama da mutum 300,000 a shekara a sauran duniya. Masu shi da yawa bugun zuciyarsu kan rikice, jini ya daskare, don haka suna shan wafarin, maganin tsinka jini mai wahalar sha'ani, domin sai an yi ta awon jini a kai a kai ana gyara adadi. Da sababbin magungunan tsinka jini suka fito, waɗanda ba sa buƙatar wannan zirga-zirga, kowa ya sa rai za su maye gurbinsa. Aka gwada ɗaya daga cikinsu, rivaroxaban, a kan mutane kusan 4,500 a ƙasashe 24 na Afirka, Asiya da Latin Amurka, yawancinsu mata. Sakamakon gwajin, mai suna INVICTUS, ya fito a 2022: masu shan tsohon magani ne suka fi tsira da rai. Da an tsaya ga abin da aka gani a jikin dattawan Turai masu wani nau'in ciwon daban, da an sauya wa matan nan magani da kyakkyawar niyya, an ƙara musu haɗari. Haka a 2019 gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da mutum 728, ya nuna cewa a jikin baƙar fata haɗin maganin hawan jini mai amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. A Yuganda kuma an bi yara kimanin 800 da ciwon ƙofar zuciya ya fara taɓawa a ɓoye: cikin masu karɓar allurar fenisilin duk wata, ƙasa da kashi 1 ne ciwonsu ya ci gaba a shekara biyu, a sauran kuwa kashi 8.

Na san mutane da yawa suna tsoron kalmar gwaji, kuma ruwa ba ya tsami banza. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani, ana kallon yadda zai ci su. Duk wanda ya ji irin wannan dole gabansa ya faɗi. Abin da nake so jama'a su sani shi ne akwai ƙa'idoji, tun daga sanarwar Helsinki ta 1964: a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya yarda da kansa ba tilas, yana da ikon janyewa ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi kulawa ba, kuma wani kwamiti mai zaman kansa ya duba shirin kafin a fara. Aikin jarida ne ta koya wa mutane waɗannan haƙƙoƙi, ta kuma tona asirin duk wanda ya take su. Idan muka ƙaurace wa bincike gaba ɗaya, za mu ci gaba da shan abin da aka auna a jikin wasu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ba mai tsada ba ne. Duk ranar da labarin sabon magani ya zo teburinku, a sakin layi na farko ku faɗa mana dabba aka gwada ko mutum, mutum nawa ne, su wane ne, da me aka kwatanta, kuma rai aka ƙirga ko lambar awon jini. Ku kira likitan zuciya ya duba kafin a buga. Ku kuma ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe cewa kada wanda ke kan magani ya daina sha sai ya ga likitansa. Da layin nan yana saman labarinku, da Baba bai yi kwana biyun nan ba.

Na kai shi wurin likitansa da jaridar a hannu. Likitan ya karanta, ya yi masa bayani cikin natsuwa, ya duba ƙodarsa, sannan ya ƙara masa dapagliflozin a kan magungunan da yake sha. Baba ya tambaye shi, "Likita, wannan a jikin wa aka gwada?" Ya ce a jikin dubban mutane masu irin ciwonka, Baba. Yanzu yana sha kullum da safe, ni kuma ina ƙirga masa ƙwayoyin duk mako.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu kuma mai jinya