Maikro-RNA da kansar hanji: auna cuta daban, warkar da ita daban

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne kan rahoton da kuka buga a shafin lafiya game da maikro-RNA da kansar babban hanji. Na ji daɗin ganin kun taɓo wannan cuta, domin a shekarar 2020 kaɗai ta kama kusan mutum miliyan 1.9 a duniya, ta kuma yi ajalin sama da 900,000. Sai dai rahoton ya cuɗa abu biyu: amfani da maikro-RNA wajen hasashen inda cutar ta dosa, da amfani da su a matsayin magani. Duk wanda ya karanta zai ɗauka maganin ya kusa shigowa asibiti, alhali da sauran rina a kaba.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta, DNA, ma'ajiyar bayanan gado, kan tura ɗan aike da saƙo zuwa inda ake ƙera furotin. Maikro-RNA ɗan guntun zare ne mai harufan gado kusan 22, wanda ke tare ɗan aiken a hanya ya manne masa, saƙon ya kasa isa. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano wannan tsari a 1993 a jikin wata ƴar tsutsa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2024. A 2003 masu bincike a Ostareliya suka nuna cewa wasu maikro-RNA biyu, miR-143 da miR-145, suna raguwa a ƙarin hanji. A 2008 kuma aka bi majinyata a Amurka da Hong Kong, aka ga waɗanda miR-21 ya yi yawa a ƙarinsu sun fi saurin mutuwa, maganin kemo, mai kashe ƙwayoyin kansa, ma bai cika yi musu aiki ba.

Inda wannan ilimi ya fi ba ni fata shi ne mataki na biyu na cutar. An yi wa mutum tiyata, an yanke ɓangaren hanjin da ya kamu, an duba kaluluwar da ke kewaye ba a ga komai ba. Likita ya zaunar da shi da iyalinsa, tambaya ɗaya ce a gabansu: a yi kemo ko a bari? Mafi yawan masu wannan mataki tiyatar ta wadace su. Amma akwai waɗanda cutar za ta dawo musu, galibi a hanta ko huhu, kuma ido ba ya bambance su. In an bai wa kowa kemo, an ɗora wa masu yawa watanni uku zuwa shida na amai, gudawa da kasala ba gaira ba dalili, har wani maganin yakan bar yatsu da dindiris na tsawon shekaru. In an hana kowa, an yi sakaci da waɗanda suke buƙata. A 2013 wasu likitoci a China suka haɗa maikro-RNA guda shida suka raba irin waɗannan majinyata gida biyu, masu babban haɗarin dawowar cutar da masu ƙaramin haɗari. Abin da ya ƙara wa hanyar armashi shi ne maikro-RNA ba sa saurin lalacewa. Ana samun su a jini, a bayan gida, har a tsoffin gutsuren nama da aka adana cikin kakin ɗakin gwaji.

Duk da haka, har yau likita ba ya yanke hukunci da su. Abin da yake dubawa shi ne matakin cutar, gwajin CEA (wani furotin da kan ƙaru a jinin masu wannan kansa), da sauye-sauyen ƙwayoyin gadon ƙarin, irin na wadda ake kira KRAS. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. miR-21 yana hauhawa a wasu kansoshin da ma kumburi na yau da kullum. Jajayen ƙwayoyin jini kaɗan in suka fashe a kwalbar gwaji sukan zubo nasu maikro-RNA su ɓata sakamakon, ga shi kowane ɗakin gwaji da irin ma'auninsa. Gwajin ɓurɓushin DNA na ƙari a jini ma ya sha gabansu: wani bincike na 2022 a Ostareliya ya rage masu shan kemo a mataki na biyu daga kashi 28 zuwa 15 cikin ɗari ba tare da cutar ta ƙara dawowa ba.

Batun magani kuwa ya fi nauyi. miR-34a yana taka wa kansa birki, shi ya sa aka ƙera kwafinsa mai suna MRX34, aka fara gwada shi a jikin mutane a 2013. A 2016 aka dakatar da gwajin, bayan garkuwar jikin wasu majinyata ta tayar da mummunan rikici, huɗu suka rasu. Maikro-RNA ɗaya yana iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, kuma abin da aka zuba a jijiya yawanci hanta yake tafiya, ba ƙarin da ake nufi ba. Rahotonku bai ambaci wannan ba ko da layi ɗaya, kuma ya kamata mai jinyar uwa ko miji ya san shi, kada ya jinkirta tiyata yana jiran allurar da ba ta wanzu ba.

Roƙona shi ne, duk lokacin da wakilinku zai kawo irin wannan labari, ya faɗa mana ko a farantin ɗakin gwaji aka yi gwajin, ko a ɓera, ko a mutum, da kuma mutum nawa. Ku kuma gayyato likitan hanji ya bayyana wa masu karatu abin da jini a bayan gida, canjin yanayin bahaya da rama ba dalili suke iya nufi, da yadda na'urar leƙa hanji ke cire tsiro tun bai zama kansa ba, da dalilin da ya sa ƙasashe da dama suke fara tantance mutane daga shekara 45 ko 50.

Naku,
Mai bibiyar shafin lafiya