Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da lodar da ke yayyaga ciyawa

Zuwa ga Manajan Darakta,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na fito da wannan wasiƙa bainar jama'a ne saboda biyun da na aiko ofishinku ba su samu amsa ba, in ban da kiran waya guda da aka ce mini ana duba lamarin. Wata uku ke nan ana dubawa. Ba zan kama sunan kamfaninku ba, kun san kanku, kuma lambar injin tana cikin takardun da ke hannunku.

Sana'ata shimfiɗa ciyawa da kula da ita, a filayen wasa da harabar gidaje da lambuna. Abin da muke jigila kullum bai wuce ƙasar shuka, yashi, taki, tsakuwa da naɗaɗɗiyar ciyawa a kan falet, wato dandamalin katakon da ake jera kaya a kai, ba. Da aiki ya fi ƙarfin baro, na zo wurinku neman ƙaramar loda, wato injin ɗibar kaya mai bokiti a gaba. Tun kafin in zauna na shaida wa jami'inku cewa yawancin zirga-zirgar injin a kan ciyawar da ta riga ta kama za a yi ta, ciyawar mutane, wadda in ta lalace daga aljihuna za a gyara. Tambaya biyu ya yi mini: nauyin nawa nake son ɗagawa, kuma zuwa wane tsayi. Daga nan ya kai ni gaban mai taya huɗu, wadda ake kira sikid-sitiya, ya hau ya yi ta juya ta a wuri ɗaya kamar katantanwa a kan kankaren harabarku. Ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ya miƙo mini takardar tallanku, na ga an jera ayyukan da ta dace da su har da gyaran lambu da filin ciyawa. Na biya.

Ranar farko da muka fita da ita, yashi muka je watsawa a wani fili da ni kaina na shuka shi, na yi rainonsa har ya yi lif. An yi ban ruwa da daddare, ƙasa tana da ɗan laushi. Direbana ya ɗebo bokitin farko ya miƙe, lafiya lau. Da ya zo juyawa sai na ji wata ƙara kamar ana yaga buhu. Inda ya juya, ciyawa ta ɗaye da saiwarta, ta naɗe gefe, ƙasa ta fito tsirara. Kafin azahar na ƙirga irin wannan tabo goma sha ɗaya, ga kuma layin taya biyu da suka nutse daga ƙofa har tsakiyar fili. Mai wurin ya fito ya tsaya, bai ce komai ba, kallo ɗaya ya yi mini. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da farko direban na ɗora wa laifi, Allah ya ba shi haƙuri. Sai da na zauna na karanta yadda injin yake aiki na gane ko wa aka ba shi haka zai yi. Tayoyin sikid-sitiya ba sa karkata dama ko hagu kamar na mota, a miƙe suke har abada. In za ta juya, tayoyin ɓangare ɗaya ne ke yin gaba na ɗaya ɓangaren su rage gudu ko su yi baya, sai injin ya murɗa jikinsa da ƙarfi, tayoyin na jan ƙasa ta gefe. Wannan jan ƙasar shi ne sitiyarinta, shi ya sa ma aka raɗa mata sunan sikid-sitiya, wato mai juyi da jan ƙasa a Turance. Asalinta ma ya isa shaida. A 1957 wasu 'yan'uwa biyu maƙera, Louis da Cyril Keller, suka ƙera kakarta a jihar Minnesota ta Amurka domin wani mai kiwon talotalo da ke son abin da zai kwashe kashin tsuntsaye a cikin rumfa mai ginshiƙai, inda babu wurin juyawa. A 1960 aka fitar da mai taya huɗun da muka sani yau. Domin matsatsin wuri aka yi ta, kuma a can har gobe babu kamarta. A wurin rushe gini, a ɗakin dabbobi, a kan kwalta, ta cancanci kuɗinta. Ni dai ba can na ce zan kai ta ba.

Sai maganar nauyi. Irin wannan loda mai taya galibi tana danna ƙasa da kimanin kilo 2 zuwa 2 da rabi a kan kowane murabba'in santimita, domin duk nauyinta a kan 'yan wurare huɗu yake sauka. Ƙasa mai danshi in ta sha wannan danni sai ta daskare, iska da ruwa su kasa ratsa ta, saiwa ta shaƙe. Tabon da ido ke gani ana iya cike shi da sabon yanki a wuni ɗaya. Daskararriyar ƙasa kuwa sai an bi ta da injin huda, an zuba yashi, an jira makonni. Ni na yi duk wannan, kyauta, domin in tsira da mutuncina a wurin mai fili.

Da na kira ofishinku, makanikin da kuka turo ya ba ni shawara uku: in sauya tayoyin da marasa manyan haƙora, in daina juyi a wuri ɗaya in riƙa yin gaba da baya kamar mai fitar da mota daga lungu, in kuma shimfiɗa katako duk inda za ta bi. Shawarwari ne na gaskiya, na gode masa, mun gwada. Ɓarnar ta ragu, amma mutum biyu sun koma ba su da aiki sai ɗaukar katako daga bayan inji zuwa gabansa. Na sayi loda domin in rage wahalar hannu, sai ga shi na sauya mata suna kawai.

Jami'in da ya sayar mini kuma cewa ya yi in ƙaro kuɗi a ba ni mai tafiya a kan sarƙar roba maimakon taya, wai ita ce maganin ciyawa. A nan ne na gane har yanzu bai saurari abin da nake faɗa ba. Gaskiya ne sarƙa tana baza nauyi. Irin waɗannan injuna, da kamfanin Takeuchi na Japan ya fara fitarwa a 1986, danninsu yakan kasa kai rabin kilo a kan murabba'in santimita, don haka ba sa nutsewa a laka, kuma a miƙaƙƙiyar tafiya da wuya su bar sawu. Amma juyinta iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta, da murza ƙasa take yi, kuma abin da ke gogar ciyawar ya ma fi tsawo. Akwai sarƙa mai santsi da ake yi musamman domin ciyawa, tana taimakawa, sai dai bai ko ambace ta ba. Bai kuma gaya mini cewa lissafin ɗaukar kayansu ya bambanta ba: a ƙa'idar da aka saba, mai taya ana rubuta mata kashi 50 cikin 100 na nauyin da zai kifar da ita, mai sarƙa kashi 35. Wanda zai kwatanta takardun biyu bai san wannan ba, a duhu yake ciniki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne injin da ya dace da ni yana nan cikin shagonku, a bayan wanda aka nuna mini. Ina nufin ƙaramar loda mai gaɓa a tsakiya, wadda gabanta da bayanta ke lanƙwashewa in za ta juya. Tayoyinta birgima suke yi a cikin kwana, na baya na bin sawun na gaba, babu ja babu murza. A sa mata tayoyi masu faɗi na ciyawa, sai ta wuni tana kai da kawowa da ƙyar a ga inda ta bi. Ba sabon abu ba ne, kamfanoni irin su Avant na ƙasar Finland sun shafe shekaru suna yin ta, kuma masu irin sana'ata suna cikin manyan masu sayenta. Na san tana da nata rauni. Ba ta juyawa a wuri ɗaya, ba ta kai sikid-sitiya ƙarfin haƙa ba, kuma in ta lanƙwashe gaba ɗaya da kaya a sama nauyin da za ta iya riƙewa yana raguwa, shi ya sa ake rubuta mata adadi biyu, na miƙe da na karkace. Da an zayyana mini wannan da na auna da kaina. Haƙa ba aikina ba ne, kuma filayen da nake shiga suna da wurin kwana.

Ko 'yar ƙaramar da ake tuƙawa a tsaye, wadda faɗinta bai kai mita ɗaya ba, da ta fi mini wannan a wasu ayyukan, tunda tana shiga ƙaramar ƙofa kuma ba ta da nauyi, duk da ita ma da murza take juyi kuma cikakken falet ɗin ciyawa ya fi ƙarfinta.

Na san za a ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ni ƙwarya na tambaya, aka miƙo mini rariya da takarda mai tambarinku tana cewa tana riƙe ruwa. Nawa laifin na yarda da shi: ban nace a gwada mini injin a kan ciyawa ba, na yarda da rawar da ta yi a kan kankare. Amma wanda ya zo wurin masu sayar da inji iri huɗu, ai don su bambance masa ya zo.

Abin da nake nema a wurinku, ranka ya daɗe, ku karɓi injinku ku musanya mini da mai gaɓa a tsakiya wadda za ta ɗaga falet ɗin ciyawa, a cire kuɗin awannin da na yi aiki da wannan bisa adalci, in akwai ciko in cika. In ba za ku iya ba, ku mayar mini da kuɗina a kan wannan lissafin. Ina kuma roƙon ku gyara takardar tallan nan, ko ku cire filin ciyawa daga jerin, ko ku rubuta ƙarara cewa sai da shimfiɗa a ƙasa. Ku kuma ware ɗan fili mai ciyawa a harabarku, ko taku goma ne, inda mai saye zai ga juyin kowane inji da idonsa kafin ya sa hannu.

Injin yana nan a rufe cikin rumfa, agogonsa bai cika awa 60 ba, an yi masa sabis a kan lokaci kuma rasit yana hannuna. Duk ranar da kuka shirya ku turo a duba shi. Ina da aikin wani filin wasa a makon gobe, na riga na sa an gyara tayoyin barona guda shida. Ina sauraron amsarku a rubuce cikin mako biyu.

Naku,
Abokin cinikinku, mai sana'ar shimfiɗa ciyawa