Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu kallon taurari, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Taron wata-wata bai tsaya ba sai a Ramadan da lokacin Hajji, kamar yadda muka saba.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne fitar da muka yi bayan Ɗa'if a watan Nuwamba, a daren da babu farin wata. Mun shimfiɗa darduma, aka ɗora shayi, muka jira Kaza da 'ya'yanta ta ɗago. Daga nan muka juya madubin hangen nesa zuwa galaksin M33, wato wani gagarumin tarin taurari, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 2.7 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya a shekara guda). A gefensa akwai wani ɗan tabo fari-fari, kamar an ɗiga nono a baƙin ƙyalle, sai ka kauda ido kaɗan kafin ya bayyana. Shi ne NGC 604, wani gajimaren iska da ke cikin M33, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a 1784. Faɗinsa ya kai shekarun haske 1,500, a cikinsa kuma akwai manyan taurari masu zafi fiye da 200 da suka fito daga gajimaren iskar haidirojin, su ne suke haska shi. Malamin da ya yi mana bayani ya ce irin waɗannan taurari ba sa daɗewa. Suna cinye makamashinsu cikin 'yan miliyoyin shekaru, su fashe, alhali ranarmu za ta kai kusan shekara biliyan 10. Wani dattijo da ya zo da jikansa ya daɗe da ido a madubin, da ya ɗago sai ya ce: "Subhanallahi, ashe hasken nan ya girmi duk tarihin da na sani." Yaron ya ƙi sakin wurin sai da aka lallashe shi da dabino.

Tafiyar Jazan kuwa ba ta yiwu ba, kuma na ji ana guna-guni. Mun so ganin Babban Gajimaren Majelan, wani galaksi da ke kusa da namu, inda gajimaren iska mai suna Tarantula yake, mai ɗauke da tauraron R136a1 da ya ninka rana nauyi kusan sau 200. Daga Jidda ba ya leƙowa, a Jazan ma ɗan kaɗan yake ɗagowa sama da ƙasa. Tafiya irin wannan tana son mota da masauki, asusu kuwa babu komai a ciki. Waɗanda suka biya kuɗin wata ba su kai rabinmu ba. Na tura saƙo a WhatsApp har na fara jin kunya, ana karantawa ana yin shiru.

Fassarar bayanan hoton NGC 604 da madubin sararin samaniya na James Webb ya ɗauka, wanda aka fitar a 2024, ta tsaya a rabi, domin mutum biyu ne ke yin ta bayan sun taso daga aiki. Ƙafar madubinmu ma har yanzu da waya muka ɗaure ta.

Wanda ake binsa bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Sakataren ƙungiya