Wasiƙa zuwa ga aminiyata

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Wata uku ban ji ɗuriyarki ba, ko ƙarin girman ne ya sa kika manta da mu?

Wani yaro ne ya hana ni sukuni. An kawo mana shi da gudawa, idanu sun faɗa, in kin ja fatar cikinsa ba ta komawa. Uwar ta miƙo katinsa, an ɗiga masa rigakafin rota (ƙwayar cutar da ke sa yara gudawa) duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "To ni me na yi ba daidai ba?" Wallahi bakina ya mutu.

Daren nan na koma karatu. Kin tuna 'yan tsiran nan na bangon hanji, masu kama da gashin tawul, da ke tsotse abinci? Yaron da tamowa ta kama, ga ƙwayoyin cuta yana haɗiya kullum daga gurɓataccen ruwa da ƙasa, tsiran sai su daƙushe, bangon ya kumbura ya riƙa yoyo. Ita kuwa ƙwayar da ke cikin ɗigon mai rai ce da aka raunana, sai ta hayayyafa a hanjin kafin jiki ya koyi yaƙarta. Tana isa ta tarar garkuwar jiki na can tana fama da wasu ƙwayoyin dare da rana, sai ɗigon ya kasa kamawa sosai. Sau da yawa ma ba a ganin wata alamar lalacewar hanjin, sai dai yaro ya tsumbure.

A binciken da aka wallafa a 2010, kariyar rigakafin daga gudawa mai tsanani kashi 49 ce a Malawi, 77 a Afirka ta Kudu, a Turai kuwa wani binciken daban ya nuna ta kai 90. Tun shekarun 1970 Dakta Jacob John ya lura da irin haka da ɗigon shan-inna a Indiya.

Af, mutumin naki na kujerar baya ya zama shugaban sashe, har da ƙiba! Kada ki ce ni na faɗa.

Amma don Allah kar ƙanwarki ta ji wannan magana ta rigakafi ta fasa kai jaririnta a ɗiga masa. A Malawin, duk da ƙarancin kason, yaran da ɗigon ya kare cikin kowane ɗari sun fi na Afirka ta Kudu yawa, don cutar ta fi ƙamari a can.

Yaron dai yau ya karɓi nono, har ya riƙe min yatsa. Ki gaishe da Mama.

Taki har kullum.