Wasiƙa zuwa ga autana a Nima

Auta,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yayarka ce ke riƙe da biro, amma bakina ne ke magana. Mu a nan Aboabo lafiya lau, sai ƙafar nan da ka sani, ita ma da sauƙi.

Ran Talata kawunka ya sauka daga Accra, tun bai sha ruwa ba ya ce min wata uku ke nan ba a gan ka a majami'armu ba. Wai ka koma wurin wani annabi, kuna kwana kuna addu'a, har annabin ya ce ka shuka iri mai nauyi, wato ka ba shi kuɗi masu yawa, kafin shekara ta zagayo ƙofarka za ta buɗe. Kai kuma har ka fara yi wa keken ɗinkin babanka ciniki. Tun ranar barcina ya ƙaura.

Keken nan ka san yadda ya fita shekarar gobara, ka kuma san wanda ya ɗauko shi a ka. Ba zan maimaita ba.

Irin da Yesu ya yi magana a kansa na san shi, don babanka ya sha karanta mana Matiyu sura 13 a ƙofar ɗaki. Ya ce Mulkin Sama kamar ƙwayar mastad yake, ƙanƙanuwa cikin iri, amma in ta girma har tsuntsaye su sauka a rassanta. Ya kuma ce kamar yisti ne da mace ta cuɗa da mudu uku na gari. Wannan kam ba sai fasto ya fassara min ba, shekara nawa ina tuyar waina? Da dare nake ɗiban yisti da bakin cokali, in zuba a ƙullu, in rufe da faifai, in kwanta. Ba ya ƙara, ba ya ihu. Da asuba in na ɗaga faifan sai in tarar ƙullun ya kumbura har yana leƙen bakin roba, yana ƙananan idanu. Ranar da na yi gaggawa na cika masa yisti, tsami ya yi, masu saye suka juya. A Markus sura 4 ma, manomin ya watsa iri ne ya je yana kwana yana tashi, irin ya tsiro bai san ta yaya ba. A ina aka ce ya biya wani kafin ya tsiro?

Dubi ƙasar nan. Turawan mishan na Basel huɗu suka sauka Osu da ke Accra a 1828, cikin shekara uku duk sun mutu. Ramseyer, shi ma ɗan mishan na Basel, ya yi zaman kamu a hannun Asante daga 1869 zuwa 1874, sai a 1896 ya dawo nan Kumasi ya kafa aiki, ga majami'ar da ke ɗauke da sunansa a Adum kana wuce ta. Yau ƙidayar 2021 ta ce a cikin mutum goma na Gana, bakwai Kirista ne. Waɗancan huɗun ba su ga ko tsiro ba, kai kuma wata goma sha biyu kake ba Allah!

Za ka ce ni na jawo, da na hana ka kuɗin haya a watan Janairu. Na hana, kuma ko yau zan hana, don kuɗin makarantar 'ya'yan yayarka ne. Kada ka ɗora min. Wanda ya raine ka da kuɗin waina bai cancanci ka ɓoye masa magana har ya ji a bakin kawu ba. Kai ba yaro ba ne. Ka manta abin da Bitrus ya gaya wa Siman a Ayyukan Manzanni sura 8, lokacin da ya miƙo kuɗi yana son sayen baiwar Allah?

Keke ƙarfe ne, in ya tafi wani zai zo. Abin da ke cin raina shi ne ranar da shekara za ta cika, ƙofa ba ta buɗe ba, annabin ya ce bangaskiyarka ce ta gaza. Na san zuciyarka, irin ta babanka ce, in ta yi fushi ba ta waiwaye. Ina tsoron ka tashi da safe ka ce Allah ya cuce ka, ka rufe Littafi Mai Tsarki, ka daina addu'a gaba ɗaya. Na ga wanda hakan ya same shi a cikin gidanmu, kai ma ka san shi, har yau ko sunan Yesu ba ya so a ambata a gabansa. In na tuna haka sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in bar tanda a wuta in shiga ɗaki in durƙusa.

Ban hana ka yin baiko a majami'a ba, ka bayar daidai ƙarfinka da farin ciki. Amma ka bar keken nan a inda yake, ka zauna a kansa, ka yi wa mutane ɗinki na gaskiya, Musulmi da Kirista, ka cika alkawarin ranar karɓa.

Na ba wa direban da ka sani yaji da ƙuli-ƙuli, ran Asabar zai iso. Ka kira ni ran Lahadi da yamma, ina so in ji muryarka. In ka ga dama ka zo Ista, ɗakinka na nan a share.

Mamarka